PN-9 ko Samoan Clipper: Wanne Hatsari Ɗalibin Jirgin Sama Zai Ɗauka Ya Nazarta?

Ɗan ƙanwata da ke koyon tuƙin jirgin sama a Zariya ya kira ni wata Juma'a bayan sallar isha'i. Da muka gama gaisawa sai ya ce, "Kawu, an ba mu aiki. Kowa zai zaɓi hatsarin jirgi guda na zamanin da, kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ya tsaya gaban aji na minti 20 ya faɗi abin da ya jawo shi da abin da aka koya. Na tace sun rage biyu, kuma na rasa wanda zan ɗauka." Ya san na daɗe ina bin tarihin jiragen sama, shi ya sa ya neme ni. Biyun da suka rage masa duk jirage ne masu tashi da sauka a kan ruwa, kuma duk a Tekun Fasifik abin ya same su, kusa da tsibiri. Ɗaya jirgin sojan ruwan Amurka ne mai suna PN-9, wanda mai ya ƙare masa a hanyar Hawai a 1925. Ɗayan Samoan Clipper ne na kamfanin Pan American, wanda ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Tutuila na Samoa a 1938.

Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Abin da na tattara masa shi ne nake rubutawa a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne ke fuskantar irin wannan zaɓi. Malamin da zai koyar da darasin kiyaye hatsari, ko mai shirya shiri a rediyo, ko ɗalibin gyaran jirgi, duk za su iya tsayawa a wannan mararraba.

Da farko a gane abin da ya sa jiragen wancan zamani suke sauka a ruwa. Tsibiran Fasifik ba su da filayen sauka, injinan ba su da tabbas, kuma nisan ya wuce hankali. Daga San Faransisko zuwa Honolulu kusan kilomita 3,850 ne, wato ya zarce nisan Kano zuwa Jidda, kuma babu ko dutse ɗaya a tsakani da za a ɗora ƙafa. Sai masu ƙira suka yi wa jirgin ciki irin na kwale-kwale, suka ɗora masa fuka-fuki da injina a sama, a bisa tunanin cewa idan inji ya mutu aƙalla za a zauna a kan ruwa a jira ceto. Wannan tunani ya yi aiki a labarin farko. A na biyu ko damar gwada shi ba a samu ba.

Labarin PN-9 ya fara ne ranar 31 ga Agusta 1925. Rundunar sojan ruwan Amurka ta so ta zama ta farko da ta kai jirgi Hawai ba tare da yada zango ba. An shirya jirage uku. Ɗaya, ƙirar Boeing, bai ma tashi ba saboda matsalar inji. Biyu suka tashi daga ruwan San Pablo kusa da San Faransisko, cike da mai har suna jan ciki da ƙyar kafin su rabu da ruwa. Na biyun bai wuce kimanin mil 300 ba bututun baƙin mai ya ba shi matsala, ya sauka, aka jawo shi gida. Saura ɗaya ke nan, PN-9 mai lamba 1, da mutum biyar a ciki. Kwamanda John Rodgers shi ne shugaba kuma mai lissafin hanya. Byron Connell da Skiles Pope su ne matuƙa, William Bowlin makanike, Otis Stantz kuma mai kula da rediyo. Rodgers ba baƙo ba ne a harkar: a wurin 'yan'uwan nan Wright, waɗanda suka fara tashi da jirgin sama mai inji, ya koyi tuƙi a 1911, kuma shi ne na biyu a jerin matuƙan sojan ruwan Amurka gaba ɗaya.

An jera jiragen ruwa goma a kan hanya, tsakanin kowanne da na gaba mil 200 na teku, wato kilomita 370, don su riƙa ba da alama da hayaƙi da rana, da fitila da dare. Wanda ya dubi shirin a takarda zai ce an yi tanadi. Amma akwai rami a cikinsa. A watan Mayu na shekarar, jirgin PN-9 ya yi sa'a 28 da minti 35 a sama a wani gwaji a kan kogin Delaware, kuma wannan bai isa ya kai shi Honolulu ba sai in iska ta turo shi daga baya. Wato an gina tafiyar a kan fatan iskar da ta saba kaɗawa zuwa yamma za ta zo da ƙarfinta. Ba ta zo yadda aka zata ba, injinan Packard biyun kuma suka sha mai fiye da lissafi.

Rodgers ya gane haka tun yana da sauran mai. Sai ya yanke shawarar ya sauka kusa da Aroostook, jirgin ruwan da ke ɗauke da mai da kayan gyara, ya sha mai ya ƙarasa. A nan ne abin ya kwaɓe. Lissafinsa na kansa ya nuna masa yana ɗan arewa da hanya. Aroostook kuwa, da na'urar gano alƙiblar rediyo, ya ce masa yana kudu. Hadari ya rufe ko'ina, ba ya iya hango komai. Ya bi maganar rediyo ya karkata arewa, ashe ƙara nisa yake yi. Bayan sa'a 25 da 'yan mintuna a sama, sun ci fiye da mil 1,800, injinan biyu suka yi shiru. Connell ya sauke jirgin a kan igiyar ruwa ba tare da inji ba, kuma ko tsagewa cikin bai yi ba.

Wurin da nake so ɗalibi ya tsaya ya dubi abin da kyau shi ne rediyon. Na'urar aika saƙo tana samun wuta ne daga wani ɗan janareta mai farfela da iskar tafiya ke juyawa. Jirgi na tsayawa, farfelar ta tsaya, bakinsu ya mutu. Na'urar karɓar saƙo kuwa tana aiki da batir. Ka ƙaddara mutum biyar zaune a kan kwale-kwalen ƙarfe a tsakiyar teku, Stantz da abin saurare a kunne, yana jin jiragen ruwa suna ta yi wa juna magana a kan inda za a neme su, yana jin ana nema a inda ba sa nan, kuma ba shi da hanyar cewa ga mu nan. Kwana da kwanaki suna sauraron neman kansu, har suka ji an fara fid da rai. Wani jirgin 'yan kasuwa ya gifta daga nesa, suka yi ta alama, bai gan su ba.

Ba su zauna jiran tsammani ba. Fuka-fukan jiragen lokacin da yadi ake lulluɓe su, sai suka yanke yadin fiffiken ƙasa suka ɗaura shi ya zama abin kama iska, irin na jiragen ruwan da. Daga baya suka ɓalle faifan ƙarfen daɓen jirgin suka saka a ruwa ta gefe don su iya karkata shi, kada iska ta yi ta kai su inda ta ga dama. Abinci ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Ruwan sha kuwa, sai abin da suka tara na sama da ɗan abin da suka tace da wata ƙaramar tukunyar tace ruwan gishiri da mahaifiyar Rodgers ta ba shi, suna ƙona katakon jikin jirgin a matsayin makamashi. Sun hango hasken tsibirin Oahu, inda Honolulu take, da dare, amma Rodgers ya lissafa ya ga iska ba za ta bar su su kai can ba, sai ya nufi tsibirin Kauai, yana sane da cewa in suka wuce shi babu wata ƙasa a gaba ta kusa. Ranar 10 ga Satumba, bayan kwana tara da tafiyar kimanin mil 450 a kan ruwa, jirgin nutso mai lamba R-4 ya tsince su kimanin mil 15 daga Nawiliwili a Kauai. Duka biyar da ransu, kuma sun ƙi barin jirginsu har aka jawo shi gaɓa.

Na gaya wa yaron cewa wata biyu bayan wannan, ranar 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sojan saman Ingila uku ƙirar DH.9A suka sauka Kano daga Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham, karo na farko da jirgin sama ya taɓa ƙasar Nijeriya. Ya yi shiru, sannan ya ce bai taɓa haɗa shekarun biyu a ransa ba. Ga mai magana gaban ajin 'yan Arewa, wannan kaɗai ya isa ya sa su gane wane irin zamani ake nufi.

Labarin Samoan Clipper gajere ne, kuma gajartarsa ita ce nauyinsa. Jirgin ƙirar Sikorsky S-42B ne mai inji huɗu. Matuƙinsa, Kyaftin Edwin Musick, shi ne ya fi kowa suna a kamfanin Pan American. Shi ya ja China Clipper a Nuwamba 1935 da wasiƙun farko da suka tsallaka Fasifik ta sama, daga Alameda ta Kalifoniya zuwa Manila. An san shi da tsantseni da bin ƙa'ida har abokan aikinsa na ba da misali da shi. A Maris 1937 ya gwada sabuwar hanya zuwa New Zealand, a Disamba ya sake kai jirgi Auckland. Hanyar tana bi ta Honolulu, sai Kingman Reef, wani tudun murjani da kusan babu busasshiyar ƙasa a kansa, sai Pago Pago da ke tsibirin Tutuila, sai Auckland.

Me ya kai su Pago Pago? Siyasa. Ingila ba ta ba kamfanin izinin sauka a Fiji ba, don haka dole ya nemi wuraren da ke hannun Amurka. Tashar ruwan Pago Pago kuwa tana da kyau ga jiragen ruwa amma mugun wuri ce ga jirgin sama: lungu ne mai lanƙwasa, duwatsu masu tsayi sun kewaye shi, sai jirgi ya gangaro a tsaye-tsaye ya tsaya cikin ɗan taƙi.

Ranar 11 ga Janairu 1938 da asuba Musick ya tashi daga nan zai tafi Auckland, da ma'aikata shida, babu fasinja. Tankunansa cike suke don tafiyar kusan kilomita 2,900. Bai yi nisa ba inji na huɗu ya fara yoyon baƙin mai. Ya kashe shi, ya juyo. Matsalar ita ce jirgin ya yi nauyin da ba zai iya sauka a wannan ƙuntataccen lungu da inji uku ba. Ya sanar ta rediyo cewa zai zubar da mai don ya rage nauyi sannan ya sauka. Daga nan ba a sake jin sa ba. Mutanen tsibirin sun ga hayaƙi a kan teku. Jirgin sojan ruwa mai suna Avocet ya fita nema, ya tarar da mai shimfiɗe a kan ruwa da gutsattsarin jirgi da kayan ma'aikata, mil goma sha wani abu arewa maso yamma da Pago Pago. Ba a samu gawar kowa ba. Musick yana da shekara 43.

Abin da aka fi rinjayar da shi shi ne tururin man da ake zubarwa ta ƙarƙashin fiffike bai rabu da jirgin ba, iska ta riƙa murɗo shi yana taruwa a jikin fiffiken, har ya haɗu da wuta. Ko zafin bututun hayaƙin inji ne ya kunna shi ko wani tartsatsi, babu wanda ya rayu balle ya faɗa, kuma gangar jirgin tana ƙarƙashin ruwa mai zurfi. A 2019 wata tawaga ta yi nemanta da jirgin bincike Nautilus, ba ta same ta ba. Kamfanin ya dakatar da hanyar, bai koma New Zealand ba sai 1940, da babban jirgi Boeing 314, ta tsibirin Canton da Noumea, aka bar Pago Pago. A Auckland har yau akwai wurin da ake kira Musick Point don tunawa da shi.

To, wanne za a ɗauka?

Abu na farko da na auna shi ne shaidu, domin wanda zai tsaya gaban malamai ba ya son a tambaye shi "ina ka samo wannan?" ya rasa ta cewa. A nan PN-9 ya yi wa ɗayan fintinkau. Mutum biyar sun dawo, sun ba da labari, jirgin kansa ya dawo an duba shi, kuma saƙonnin rediyon da aka yi musaya da jiragen ruwa suna nan a rubuce. Kana iya bin tafiyar tasha bayan tasha, ka nuna a taswira inda aka gane mai ba zai kai ba, inda aka karkata, inda aka sauka. A Samoan Clipper abin da ke hannunka 'yan saƙonni ne da tarkacen da ya taso. Babu baƙin akwati, wato na'urar da ke naɗar bayanan tafiyar jirgi, a wancan zamani. Duk jimlar da za ka yi a kan mintunan ƙarshe sai ka sa mata "mai yiwuwa". Wannan ba aibi ba ne ga mai bincike na gaskiya, hasali ma horo ne mai kyau, amma yana bukatar ɗalibin da zai iya riƙe harshensa. Na ga rubuce-rubuce da yawa da suka cike giɓin da ƙage, suna faɗin abin da Musick ya ce ko ya ji a daƙiƙar ƙarshe kamar suna cikin jirgin. Wanda ya kwafo irin wannan ya kai gaban malamin da ya san aikinsa, zai sha kunya.

Na biyu, sarƙar dalilai. Malaman kiyaye hatsari kullum suna nanata cewa jirgi ba ya faɗuwa saboda abu ɗaya, kuma PN-9 kamar don a koyar da wannan aka yi shi. An tsara tafiya ba tare da rarar mai ba. An dogara da iskar da ba a da iko da ita. An sa ranar tashi cikin gaggawa, domin rundunar tana son ta nuna bajinta a daidai lokacin da ake ja-in-ja a Amurka kan ko a ware wa jiragen sama rundunarsu ta daban. Mai lissafin hanya ya bar lissafinsa ya bi na'ura. Na'urar neman agaji ta dogara da tafiyar jirgin da take son ta ceta. Masu nema kuma suka gina nemansu a kan alƙiblar da tun farko kuskure ce. Kowace gaɓa a cikin waɗannan tana da ƙa'idar da ke fuskantarta a yau. Jirgi ba ya tashi sai da man isa, da na zuwa wani filin in na farko ya ƙi, da na ko-ta-kwana, da ajiyar ƙarshe ta minti 30 ga mai injin jet ko minti 45 ga mai injin fistan. Na'urar kiran agaji ta zamani tana da batirinta, tana kunna kanta in an yi karo, tana aika sigina a kan megahaz 406 zuwa tauraron ɗan'adam. Ɗalibin da ya jera waɗannan gefe da gefe, abin da ya faru a 1925 da abin da littafinsa na yau ya ce, ya gama rabin aikinsa.

Sarƙar Samoan Clipper ba ta kai wannan tsawo ba, amma tana da zurfi ta wani gefen, kuma ni ita ta fi taɓa ni. Musick bai yi ganganci ba. Yoyon mai a inji ɗaya cikin huɗu ba abin da zai kashe mutum ba ne. Ya kashe injin, ya juyo, ya tuna nauyinsa, ya ɗauki matakin da aka tanada don rage haɗari, kuma matakin ne ya kashe su. Tambayar da ke ciki ta masu ƙira ce: an gwada abin da mai ke yi bayan ya fita daga bututu, a kowane yanayin tafiya, ko an tsaya ga cewa yana fita? Dokokin ƙirar jirage na yau sun wajabta a nuna cewa man da aka zubar yana rabuwa da jirgin sarai kuma tururinsa ba ya shiga ko'ina a jikinsa. Shi ya sa a manyan jirage irin su Boeing 747 da 777 bututun zubarwar yake can wajen ƙarshen fiffike, ta baya, nesa da injina. Ƙananan da muka fi hawa a cikin gida, irin su Boeing 737, ba su da shi ma sam: ko su yi ta zagaye su ƙone man, ko su sauka da nauyinsu a duba su daga baya. Akwai kuma tambayar da ta fi ƙarfin matuƙi, wato wa ya zaɓi tashar da ba ta yafe kuskure, kuma don me. Wanda ke karatun gyaran jirgi ko injiniyanci, wannan nasa ne. Zai iya cika minti 20 a kan bututu ɗaya da yadda iska ke murɗawa a bayan fiffike, ba tare da ya maimaita kansa ba.

Akwai tarko a kowanne. Tarkon PN-9 daɗin labarinsa ne. Yadin fiffike, tukunyar mahaifiya, hasken Oahu da dare: mai magana zai iya shagala da waɗannan har lokacinsa ya ƙare bai taɓo dalilin faɗuwar ba, ya sauka ana tafa masa alhali bai amsa tambayar da aka yi masa ba. Haka ma Amurka ta yi a lokacin. An tarbi Rodgers da mutanensa a matsayin jarumai, kuma sun cancanta, hukumar jiragen sama ta duniya ma ta amince da nisan da suka yi a matsayin sabon tarihi ga jiragen da ke sauka a ruwa, amma murnar ta so ta rufe cewa shirin tun daga tushe yana da rauni. Wanda bai bari an rufe ba shi ne Billy Mitchell na sojan ƙasa. Ana cikin neman PN-9, ranar 3 ga Satumba, jirgin balan-balan na sojan ruwa mai suna Shenandoah ya karye cikin guguwa a jihar Ohio, mutum 14 suka mutu. Bayan kwana biyu Mitchell ya fito fili ya zargi shugabannin soja da rashin iya aiki da sakaci. Aka gurfanar da shi gaban kotun soja, aka same shi da laifi a Disamba, ya ajiye aiki a farkon 1926. Wannan reshe ne mai jan hankali, amma na ce wa yaron ya ba shi minti ɗaya kacal, don ba darasin siyasa aka ba shi ba.

Tarkon Samoan Clipper kuwa shi ne neman wanda za a ɗora wa laifi. Da yake babu wanda zai kare kansa, abu ne mai sauƙi a ce ai da Musick ya yi ta zagaye har man ya ragu, ko ya nemi buɗaɗɗen ruwa ya sauka. Ana iya tattauna waɗannan, kuma ya kamata a tattauna, amma da ladabi, da tuna cewa mu muna magana ne bayan mun san ƙarshen labarin. Ƙa'idar binciken hatsarin jirgi ta duniya a yau ta ce manufar bincike ita ce hana aukuwar wani, ba rabon laifi ba. Ɗalibin da ya tsaya ya yi wa mamaci shari'a ya nuna bai fahimci wannan ba.

Ya tambaye ni ko akwai na uku da ya fi waɗannan. Na ambata masa Manjo Harold Clark, wanda a Mayu 1918 ya tashi daga Oahu da ƙaramin jirgin soja mai sauka a ruwa, ya yada zango a Maui, sannan ya shiga gajimare ya faɗa kan itatuwa a gangaren dutsen Mauna Kea, shi da sajensa suka fito da ƙafa bayan kwana biyu. Darasinsa a fili yake, shiga gajimare kusa da dutse ba tare da na'ura ba, amma ba zai cika minti 20 ba. Akwai kuma Hawaii Clipper da ya ɓace tsakanin Guam da Manila a Yuli 1938 da mutum 15. Wannan na hana shi kai tsaye. Ba a samu komai nasa ba, kuma jita-jita ta yi masa yawa har ta danne ɗan abin da aka tabbatar.

Shawarata ga ɗan ƙanwata ba ta da kwana-kwana: tunda tuƙi yake koya, ya ɗauki PN-9. Duk shawarar da Rodgers ya yanke a cikin sa'o'in nan 25 irin wadda shi ma zai yanke ce wata rana, ko da kuwa tsakanin Kano da Legas ne: mai zai kai ko ba zai kai ba, in sauka a nan ko in ƙarasa, in yarda da na'ura ko da lissafina in sun saɓa. Ga kuma abin da ya biyo bayan saukar, yadda shugaba ya riƙe mutum huɗu masu yunwa da ƙishi kowa da aikinsa har kwana tara, wanda shi ma darasi ne da ake koyar da ma'aikatan jirgi a yau. Da a ce gyaran jirgi yake karanta, ko kuma aikin rubutacce ne mai shafuka da yawa inda zai samu sararin auna hujja da hujja, da Samoan Clipper zan tura shi ba tare da na yi dogon tunani ba. Mai shirin rediyo ko malamin sakandare da ke son yara su saurara, shi ma PN-9 ya fi masa, don ana iya ba da shi da baki ba tare da zane ba.

Na ƙara masa da abu ɗaya da bai kamata ya bari ba in ya ɗauki Rodgers. Mutumin da ya tsira daga kwana tara a Fasifik bai cika shekara ba ya rasu, ranar 27 ga Agusta 1926, lokacin da ƙaramin jirgin da yake tuƙawa ya faɗa kogin Delaware dab da Philadelphia. A 1927 aka buɗe filin jirgin saman Honolulu da sunansa, wanda yanzu ake kira Daniel K. Inouye. A watan Yuni na wannan shekarar ne kuma sojojin ƙasa biyu, Lester Maitland da Albert Hegenberger, suka yi tafiyar da shi bai ƙarasa ba, daga Oakland zuwa filin Wheeler a Oahu cikin kusan sa'a 26, da jirgin Fokker mai inji uku da tayoyi, wanda da ya faɗa ruwa ba zai daɗe a samansa ba.

Bayan mako guda ya sake kira. Ya ce, "Kawu, na ɗauki PN-9. Amma ba da tashinsu zan fara ba. Zan zana ɗan janaretan nan mai farfela a allo, in tambayi aji me zai faru da shi idan jirgi ya tsaya." Na ce masa ya yi, Allah ya ba da sa'a, kuma ya auna lokacinsa da agogo tun a ɗaki, kada kwana taran nan su cinye masa minti 20 ɗin.